Sakatariyata Blessing

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, da ranar da na tsaya gaban matan kasuwarmu kaf da baƙi daga Abuja, riƙe da abin magana, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Ƙasar kuwa ta ƙi, don sabon siminti aka zuba mata. Yanzu in na tuna har hawaye nake yi don dariya. A ranar dai hawayen na daban ne.

Ni mai sayar da kayan miya ce a Suleja: yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai dambun nama in an ba da sautu. Wajen mahaifiyata na gaji sana'ar a unguwar Kurmin Sarki, kuma ba yabon kai ba, yajina in ka ɗanɗana sai ka tuna da wanda ya ɓata maka rai ka yafe masa. Amma akwai lokacin da kasuwa ta mutu murus. Sai in wuni a rumfa ina korar ƙuda, ni da maƙwabciyata Mama Chinedu, mai manja da agushi da busasshen kifi, muna kallon juna kamar masu zaman makoki.

Kuma ba mutane aka rasa a gari ba. Gonakin Maje da muka sani da dawa da doya duk sun zama gidaje, ma'aikatan Abuja da haya ta koro sun cika su maƙil. Sai dai mutum ya fita tun da asuba ya dawo a gajiye, yaushe zai shigo kasuwa ya tsaya cinikin daddawa? A waya suke sayen komai, mai babur ya kai musu har ƙofa. Mu da muke jira su zo, ashe sun wuce ta saman kanmu.

Ƙungiyarmu ta mata 'yan kasuwa ce ta farga. Aka yi ta kai-komo har aka fara gina sabon layin rumfuna da wutar sola, sannan aka ɗauko mana Malama Rahila, wata malamar sakandare 'yar kudancin Kaduna, tana zuwa ranar Asabar tana koya mana kasuwancin waya. Mace ce mai haƙurin da ya isa a raba wa unguwa guda. Ita ta koya min ɗaukar hoton yaji ba tare da babban yatsana ya fito a ciki ba (wannan kaɗai ya ci mana Asabar guda). Ita ta sa na sayi farar roba mai murfi da takardar liƙawa. Ita ce kuma, Allah Ya yafe mata, ta nuna min manhajar nan.

Manhajar abin mamaki ce. Ki yi mata magana da Hausa, ta rubuta miki da Turanci. Ba irin Turancina na aji uku ba, Turanci mai sanye da kwat. In an rubuto miki, ta juya miki shi Hausa. In ma kin so, ta karanta saƙonki da murya, ki tura kamar ke kika faɗa.

Saƙon farko da ya shigo daga wata mata ce a Abuja, tana tambayar daddawa. Na danna, na ce, “Akwai, mai kyau, ta bana, kuma ba ma haɗa ta da komai.” Abin da manhajar ta rubuta, da ta sake karanta min shi, sai da na gyara ɗaurin ɗankwalina. Matar ta ji daɗi, ta rubuto: da wa nake magana?

Nan Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Na dubi kaina: zani ya sha garin barkono, hannu na warin daddawa, ƙafa cikin silifas ɗin wanka. Na dubi Turancin da ke kan wayar. Ai ba su dace ba. Ana cikin haka wani Keke Napep ya wuce ta bakin titi, an rubuta masa suna ɓaro-ɓaro a baya. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Sunana Blessing, sakatariyar Hajiya” ba.

Na tura. Shi ke nan, an haifi Blessing, ba ungozoma ba suna.

Da na koma gida na ba maigida labari (direban bas ne tsakanin Suleja da Abuja, ba abin da bai ji ba a duniya), sai ya ajiye cokali ya dube ni.

“Sakatariya? Ke da ko kujerar baƙo ba ki da ita a rumfa?”

“Ai kamfani ba kujera ba ne,” na ce, “tsari ne.”

Ya yi dariya har ya ƙware. Amma shi ya ba ni tsohuwar wayarsa, na sa mata sabon layi, na buga lambar a jikin robobina: domin oda, a tuntuɓi Blessing. Na zaɓa mata murya a cikin muryoyin manhajar, ta wata budurwa, mai laushi kamar ana zuba zuma a kunu. Kira kuwa ba ta ɗauka, “saboda dokar kamfani.” Saƙo kawai.

Jama'a, kasuwa ta buɗe! Masu babur suka fara layi a bakin rumfata. Na ƙara masu daka, na koma sayen barkono buhu-buhu. Da na tsaya nan, da lafiya lau. Amma mutane akwai son hira, ni kuma akwai baki. Wannan ta ce, Blessing 'yar ina ce? Na ce Jos. Waccan ta ce, tana da aure? Na ce tukuna, karatu take son ƙarasawa. Kafin a jima Blessing ta samu kaka mai ciwon ƙafa, ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci, ba ta cin kuɓewa, tana tsoron kyankyaso. Har na fara mantawa. Wata rana na ji kaina ina ce wa maigida, “Ka rage ƙarar rediyon nan, Blessing na aiki.”

Abin da ya fi ba ni haushi, yarinyar nan ta fi ni farin jini nesa ba kusa ba. Ni a rumfa, in rana ta yi zafi mutum ya taya min kaya tayin wulaƙanci, nakan ce ya gwada gaba. Blessing kuwa ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ko an zage ta, sai “mun gode da shawara.” (Gaskiyar magana, kafin in danna in yi magana nakan ja numfashi, kuma ba a iya harara ta cikin manhaja.)

Akwai wata malamar asibiti da ta biyo ta rumfata da kanta, muka ɗan yi sa-in-sa a kan kuka. Tana barin wajen sai ga saƙonta a wayar Blessing: “Ƙanwata, yaya kike iya zama da matar nan? Fuska kamar an aiko mata da sammaci.”

Na karanta sau biyu. Na nemi madubi na duba. Sannan na danna, cikin ladabi na ce, “Ki yi haƙuri Anti, Hajiya na da kirki, hawan jini ne ke damunta.” Kun ji, da bakina na ɗora wa kaina ciwon da Allah bai ɗora min ba, don kare mutuncin kamfani.

Kishin sakatariyar tawa ya ci ni har na kore ta. Na sanar cewa Blessing ta tafi hutu, yanzu Hajiya ce da kanta za ta riƙa amsawa. Na fara tura saƙon murya da Hausata gangariya. Amsar da na riƙa samu ita ce, “To Hajiya, ba sauri, in Blessing ta dawo ma yi magana.” Masu babur suka ɗauke ƙafa. Ba shiri na katse mata hutun. Maigida ya ce, “In ni ne ke, sai in ƙara mata albashi, kar wani kamfanin ya ɗauke ta.”

Mama Chinedu kuma ta sa ni gaba. Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne.

“Hajiya, wannan Blessing naka, ina yake? Kullum aiki, kullum aiki, ko sau ɗaya ban gan shi ba.”

“A gida take aiki, Mama. Haka ake yi yanzu.”

“Wane irin gida? Ko Lahadi yana amsa waya! Yaushe yana zuwa coci? Hajiya, ka ji tsoron Allah, ɗan mutane ne fa.”

Daga ranar ta fara ƙullo abinci a leda tana ba ni in kai wa Blessing. Ina kaiwa kuwa, har cikin ciki.

Sai Mista Bitrus. Ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Filato, yana zaune a Maje da 'ya'yansa, matarsa ta rasu. Ya fara da robar yaji guda. Ya dawo ya sayi biyu. Daga nan duk mako sai ya yi oda, yajin da ko mai tsire ba zai iya ƙarar da shi ba. Saƙonninsa kuma suka fara tsawo: an tashi lafiya, an ci abinci, kar a bari Hajiya ta wahalar da ke. Da 'yarsa ta kwanta zazzaɓi Blessing ya gaya wa, ni kuma na tsorata da gaske, na riƙa tambayar jikinta safe da yamma, na ce ya kai ta asibiti kar ya tsaya kemis, ya dama mata kunun tsamiya in bakinta ya ƙi abinci.

Da Kirsimeti ta zo sai ga mai babur da kaya niƙi-niƙi: soyayyar kaza, shinkafa, da takalmi mai tsini a kwali, “na Blessing.” Nan ya kamata in tsaya in faɗi gaskiya, na sani. Amma mutumin nan ya haɗa ni da duk ofishinsu suna sayen kayana, kuma kazar ta soyu. Maigida ya ci cinya yana cewa, “Allah Ya sa surukin namu ya dawo da Ista.” Takalmin kuwa ko yatsuna uku bai ɗauka ba. Na tura shi ƙarƙashin gado, na sa Blessing ta yi godiya a taƙaice, ta ce ita yanzu karatu ne a gabanta. Ya ce zai jira.

Ana haka aka gama sabon layin rumfuna, ƙungiya ta shirya bikin buɗewa. An kafa rumfunan biki, an jera fararen kujeru, an ɗauko manyan lasifikoki irin waɗanda in aka yi tari a ciki sai an ji har unguwar Hashimi. An gayyato masu manyan kantuna daga Abuja su ga kayanmu, wanda ya yi musu su riƙa ɗauka. An kuma ce masu sayayya sun yi zaɓe ta waya, za a ba da kyaututtuka. Ni ban damu in ji kyautar mece ce ba, na san dai in ana maganar yaji ba ni da na biyu. Na ci leshina mai ruwan goro, na kafa ɗauri, na fesa turaren da ya danne daddawa. Wayata na cikin jaka. Ta Blessing kuwa, da yake ba na so a gan ni da biyu, na cusa ta inda mata ke cusa abin da ba sa so a gani, a ƙirji, na ja mayafi na rufe.

Aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista, aka yi jawabai. Sai Malama Rahila ta karɓi abin magana.

“Kyauta ta gaba,” ta ce, “ta wadda ta fi kowa iya karɓar masu sayayya ce. Kuma wannan ba a ma yi takara ba, ta kwashe ƙuri'un kaf. Blessing, ta kamfanin Hajiya mai yaji!”

Wuri ya ɗauki tafi da guɗa. Na waiga hagu na waiga dama kamar mai neman Blessing, ko Allah zai sa wata ta taso. Ba wadda ta taso. Matan layinmu suka turo ni gaba, na hau dandamali.

Malama Rahila ta rungume ni, idonta har ya kawo ruwa. Ita fa ba ta san komai ba, baiwar Allah. Ta juya ga baƙi ta ce, “Ku dubi wannan uwa. Da ta fara zuwa ajina ko kunna waya ba ta iya ba. Yau ga shi har ta ɗauki matashiya aiki. Wannan shi ne farfaɗo da tattalin arzikin gari! Kuma ku lura, Hajiya Musulma, Blessing Kirista, suna ci a kwano ɗaya. Wannan ita ce Suleja!”

Tafi ya ƙaru. Wani Fasto a layin gaba ya miƙe tsaye yana tafawa. Limamin kasuwa yana gyaɗa kai yana “Masha Allah.” (Maganar kwano ɗaya dai ba ta yi ƙarya ba.)

Ta miƙo min abin magana. “Hajiya, ina gwanar tamu?”

“Ta... ta tafi Jos,” na ce. “Kakarta ce, ƙafar ta tashi.”

“Ƙarya ne!” Muryar Mama Chinedu ce daga tsakiyar taro, ta miƙe tana gyara zani. “Yau da safe ya amsa wa ƙanwata saƙo! Hajiya ya kulle yarinya a gida, ko biki ba zai bar shi ya zo ba! Ni na daɗe ina faɗa!”

Aka fara ƙus-ƙus. A gefe guda kuma na hango wani dogon mutum cikin kwat, da ƙunshin kyauta mai kyalli a hannu, ya miƙe yana leƙen bayan dandamali. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma na san hoton da ke kan lambarsa. Mista Bitrus ne. Har aski ya yi.

Malama Rahila ta ɗaga hannu tana murmushi. “Ku kwantar da hankalinku. Ai abin da muke koyarwa ke nan, zamani ya kashe nisa. Tana Jos? To bari mu kira ta, ta ji tafinku da kunnenta.”

“Ba ta ɗaukar kira,” na ce da sauri. “Dokar kamfani ce.”

“Yau mai kamfani na nan, ta ɗage dokar.” Aka yi dariya. Ta ɗauki robar yajina da ke kan teburin baje koli, ta karanto lambar tana dannawa, ta buɗe muryar wayarta yadda kowa zai ji.

Kullum wayar nan a rufe bakinta yake. Kullum. Amma da safen nan, cikin hayaniyar masu kafa rumfa, na ƙure mata murya don in saurari wani saƙo, na manta ban mayar ba. Kuma tun da na karɓe ta ban taɓa jin kukan da maigida ya sa mata ba.

Zakara ne.

Daga ƙirjina, daidai saitin abin maganar da na ƙanƙame da hannu biyu, wani ƙaton zakara ya kwarara cara. Lasifikoki suka ɗauka suka watsa wa kasuwa. Wata tsohuwa da ke gyangyaɗi ta farka tana salati.

Me kuke tsammani na yi? Na duba ƙarƙashin tebur. Wallahi na duba. Har na ce, “Wa ya shigo da kaji wajen taro?” Zakara ya sake cara, mayafina na rawa, ga wani haske shuɗi yana walƙiya ta cikin leshi.

Malama Rahila ta kashe kiran. Zakara ya yi shiru. Ta dubi wayarta, ta dube ni. Ta sake dannawa a hankali, kamar mai gwajin kimiyya a gaban ɗalibai. Zakara ya amsa.

A nan mai hankali zai ce, jama'a ku yi haƙuri, ga yadda abin yake. Ni kuwa hankalina ya riga ya hau babur ya gudu. Na zura hannu na zaro wayar a gaban Fasto da Liman, na danna, na kara a kunne, na matse maƙogwarona iya matsewa, na ce:

“Helo? Dis is Blessing.”

Muryar ta fito sau biyu, ɗaya ta lasifika, ɗaya ta wayar Malama Rahila, kuma duk biyun kamar an taka wutsiyar akuya. Ban tsaya nan ba. Da na ga kowa ya zuba min ido, sai na ƙara da, “Ayam in Jos.”

Wurin ya yi tsit, har ana jin injin markaɗe daga can ƙarshen kasuwa.

“Chineke!” Mama Chinedu ta ɗora hannu biyu a ka. “Hajiya! Kai ne Blessing? To abincina fa? Wa ya ci abincina?”

Kamar jira ake. Dariya ta fashe kamar an ɓalle madatsar ruwa. Mata suna faɗowa daga kujeru, masu babur suna dukan tankin mai, mai ɗaukar hoto ya zauna daɓas a ƙasa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza. Malama Rahila ta juya wa taro baya ta dafa tebur, na zaci kuka take, ashe numfashi take nema. Na hango malamar asibitin nan, mai maganar sammaci, ta ja gyale ta rufe fuska tana sulalewa ta bayan rumfa. (Ita kaɗai ce a wajen kunyarta ta kusa kamo tawa.)

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mista Bitrus ya koma ya zauna a hankali, ya ɗora ƙunshinsa a cinya, yana kallon takalmansa. Ganin haka ya sa tawa kunyar ta canja launi. Na ɗaga abin magana, wannan karon da muryar da Allah Ya ba ni, na ce, “Jama'a, babu wata Blessing. Ni ce. Manhaja ce ke juya min magana, ni kuma na ji kunyar a san ni ce. Duk wanda na yaudara ya yafe min.” Wata daga baya ta ce, “Kakar mai ciwon ƙafa fa?” Aka sake kwashewa.

Kyautar dai ban same ta ba. Kwamiti ya yi ɗan taro a tsaye, aka ce ba a ba wanda babu shi kyauta, aka miƙa wa mai sayar da zoɓo da ta zo ta biyu. Na sauko na nufi hanyar gida, sai wata mata cikin baƙin Abuja ta tare ni, tana share hawaye da hankici. Ta buɗe robar yajina ta lakata ta ɗanɗana, ta sake lakata.

“Shi wannan,” ta ce, “ke kika daka, ko shi ma wata ce a Jos?”

“Ni ce, ranki ya daɗe. Wannan ko a gaban alƙali.”

“To ki kawo min. Amma ki cire sunan yarinyar nan, ki sa naki.”

Na yi kwanaki ban leƙa kasuwa ba, don hoton bidiyon ya zaga gari, yara na bina suna cara. Abin da ya hana ni sukuni dai Mista Bitrus ne. Ranar Lahadi da yamma na sa maigida ya raka ni Maje, da kaza mai rai a hannu da takalmin nan a kwalinsa. Mutumin ya karɓe mu ba yabo ba fallasa, ya kawo ruwa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, maigida na taya ni (shi da ya ci cinya, ai dole).

Mista Bitrus ya ajiye kwalin takalmin a gefe. Can ya ce, “Hajiya, tambaya ɗaya zan yi. Lokacin da 'yata ba ta da lafiya, wa ke tambayar jikinta? Ke ce, ko na'urar?”

“Ni ce. Ita na'urar ba ta san kunun tsamiya ba.”

Ya gyaɗa kai. “To wannan na gode. Sauran kuma, ni ma da nawa wautar. Mutum da furfurarsa ya zauna yana hira da murya.” Sai ya miƙe ya ce mu biyo shi kicin. Ya buɗe wata kabad. Robobin yajina ne jere reras, daga sama har ƙasa, ko murfi ɗaya ba a ɓalle ba.

“Gyambon ciki gare ni,” ya ce. “Likita ya hana ni yaji tun kafin in zo Suleja.”

Maigida ne ya fara, ya jingina da bango yana riƙe ciki. Sai Mista Bitrus ya kama, sai ni, kazar ma ta tsorata ta ƙwace ta shige bayan firji. Da za mu tafi ya ce in riƙa aiko masa da dambun nama, marar yaji, kuma in yi masa magana da Hausa, don ya fi ni iya ta.

Yanzu ina sabon layi, rumfa mai fanka. Wasu sun yi fushi sun daina saye, akasari sun dawo, wasu ma don su ga matar da zakara ya tona wa asiri suke zuwa, su tafi da daddawa. Manhajar na nan ina amfani da ita, sai dai da sunana, kuma na koyi jan numfashin nan ko da mutum a gabana yake tsaye. Aiki ya yi yawa har na ɗauki mai taya ni da gaske, wata mata daga Hashimi. Ranar da ta fara, Mama Chinedu ta zagayo ta mintsine ta a dantse, sai da ta yi ƙara sannan ta ce, “To, wannan akwai shi.”

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa kam har manemi ta yi. Abin da na koya shi ne, zamani zai ara miki Turanci, ya ara miki murya, amma ranar da aka ce mai kaya ta fito, da fuskarki za ki fito. In kuma har ya zama dole ki ƙirƙiri mutum, don Allah kar ki ƙirƙiri wanda ya fi ki hali. Ba abin da ya kai a kira ki gaban jama'a a ba ki kyauta a kan halin da kowa ya rantse ba naki ba ne.